Ciwon Suga Bayan Shekara Sittin: Inda Haɗarin Yake ga Dattawan Gwiwa

A karkarar Gwiwa, idan dattijo ya fara tashi fitsari sau huɗu sau biyar kafin asuba, ba a cika ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. Idan moɗar ruwa ba ta barin hannunsa, sai a ɗora wa zafi laifi. Riga ta fara yi masa yawa, ido ya yi hazo, tafin ƙafa yana zugi da dare, amsar mutanen gida ɗaya ce: girma ne ya zo. A wani gidan sai wata jika mai lura ta ga tururuwa sun yi dandazo a inda Kaka ta yi fitsari, sannan a fara zancen asibiti. A wani gidan kuwa ba a sanin komai sai ranar da aka kwashi tsoho ranga-ranga, aka soki yatsarsa, na'urar awo ta nuna abin da ya daɗe yana cin sa.

Gwiwa ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure a jihar Jigawa, tare da Kazaure da Roni da 'Yankwashi, kuma tana iyaka da jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da dubu 120, mafi yawansu manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, sai makiyaya. A garuruwa irin su Korayel da Buntusu da Dabi da Guntai, mutum yakan tsufa da fartanya a kafaɗa, jikinsa babu ƙiba, abincinsa tuwo da fura. Shi ya sa da yawa ke ganin suga ciwon 'yan birni ne, masu mota da lemon kwalba. Amma shekaru su kaɗai sun isa su buɗe masa ƙofa, domin jiki yana daɗa gazawa wajen sarrafa sukarin da ke cikin jini yayin da mutum ke manyanta. Tambayar da iyalai ke yi bayan an faɗa musu sakamakon awo ita ce: Baba ya kai shekara 68, Inna ta haura 70, wannan ciwo zai gajarta musu kwana ne?

Abin da manyan bincike suka gano

Amsar farko mai kwantar da hankali ce. A 2023 mujallar Lancet mai kula da ciwon suga ta wallafa wani nazari da ya tattara bayanan mutum kusan miliyan ɗaya da rabi daga ƙasashe 19 masu arziki. An gwada masu ciwon da sa'o'insu marasa shi. Wanda aka gano masa ciwon tsakanin shekara 30 da 39, haɗarin mutuwarsa ya ninka na sa'ansa sau 2.69. Wanda aka gano masa tsakanin 60 da 69, haɗarin ya ɗara da kashi 57 cikin 100. Wanda kuwa sai da ya kai 70 ko ya wuce, ƙarin kashi 39 ne. Da aka auna da alƙaluman Amurka, ɗan shekara 50 da ciwon ya kama tun yana 30 yakan rasa kimanin shekara 14 na rayuwa, wanda ya kama yana 40 ya rasa 10, wanda ya kama yana 50 ya rasa 6.

Kafin wannan, a 2019, mujallar Circulation ta fitar da binciken da aka yi da rajistar masu ciwon suga ta ƙasar Suwidin, mai ɗauke da mutum sama da dubu 300. A can an ga cewa waɗanda aka gano musu ciwon bayan sun haura shekara 80 ba su riga sa'o'insu mutuwa ba.

Dalilin a fili yake. Suga ba ya kisa rana ɗaya. Yana ɗaukar shekaru yana lalata jijiyoyin jini, manya da ƙanana, na zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido da ƙafa. Wanda ya kamu da ƙuruciya, ciwon yana da shekara talatin ko arba'in na yin ɓarna. Wanda ya kamu da furfura, lokacin ɓarnar gajere ne.

Me ya sa lissafin Suwidin ba ya zama daidai a Gwiwa

Sai dai akwai abin da ke ƙarƙashin waɗancan alƙaluma. A ƙasashen da aka yi binciken, mutum yana zuwa awon jini a kai a kai, don haka shekarar da aka gano ciwon ba ta da nisa sosai da shekarar da ya fara. A wajenmu tazarar tana iya yin tsawo ƙwarai. Dattijon da aka ce an gano masa suga yana da shekara 67, mai yiwuwa ciwon ya shiga jikinsa tun yana 55. A takardar asibiti sabon majiyyaci ne, amma ƙodarsa da idonsa sun san ciwon tun da daɗewa.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Babu yankin duniya da ya kai Afirka wannan rashin sani. Najeriya kaɗai ƙungiyar ta ba ta kimanin miliyan 3.6. A 2018 kuma Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da abokan aikinsa, sun tace binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, suka sami kashi 5.77 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya. Arewa maso yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 3.0, kudu maso kudu ta fi yawa da kashi 9.8. Cikin abubuwan da suka lissafa masu jawo ciwon har da yawan shekaru. Kashi uku yana da sauƙin faɗi a baki, amma a ƙaramar hukuma kamar Gwiwa yana iya nufin mutane fiye da dubu.

Bambanci na biyu ya fi na farko nauyi. Tsohon Suwidin da ya kamu yana da motar asibiti a bakin ƙofa, da magani da ba ya yankewa. Tsohon Gwiwa yana da ɗan acaɓa, da kemis, da ɗa a Kano ko Legas wanda sai ya samu yake aikowa. Abin da ya fi yi masa barazana ba ɓarnar shekara ashirin ba ce, faɗuwar gaggawa ce. Ta hanyoyi huɗu take zuwa.

Na farko: maganin da ya wuce gona da iri

Mutane sun fi tsoron hawan suga, amma ga tsoho faɗuwarsa ta fi saurin kisa. Akwai wata ƙwaya mai araha da aka daɗe ana sha a ƙasar nan, glibenclamide, wadda aka fi sani da sunan Daonil. Aikinta tilasta wa jiki ya fitar da sinadarin insulin, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma tana daɗewa a jikin wanda ƙodarsa ta fara rauni. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta sa gliclazide a gurbinta.

Ga yadda abin yake faruwa a gida. Tsoho ya haɗiyi ƙwayarsa bayan sallar asuba, koko bai iso ba, ko ya iso bai ji sha'awarsa ba. Ya ɗauki sanda ya nufi gona ko zaure. Kafin hantsi zufa ta keto masa, hannu yana makyarkyata, ya fara magana ba kan gado, ya ƙi gane ɗansa. Wasu su ce ruɗin tsufa ne, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali abin da yake bukata a wannan minti shi ne cokali uku na sukari a cikin rabin kofin ruwa, ko zuma, ko dabino, sannan a bi shi da abinci. Idan har ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. Asibiti za a nufa ba tare da jira ba. A na'urar awo, duk abin da ya gaza 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, ya faɗi ke nan.

Likitocin duniya ma sai da suka koyi wannan darasi. A binciken ACCORD da aka yi a Amurka da Kanada da mutum 10,251, waɗanda matsakaicin shekarunsu 62 ne, an raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka matsa musu da magani don sugansu ya sauko kusa da na mai lafiya. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangare tun lokacinsa bai cika ba, domin waɗanda aka matsa wa sun fi mutuwa da kimanin kashi 22 cikin 100. Yanzu Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka tana sassauta wa tsofaffi. A awon HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, dattijo mai ƙarfi a jika ana nema masa ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai fama da wasu cututtukan ƙasa da 8, wanda ya yi rauni sosai kuwa ba a bin lamba, ana dai kiyaye shi daga faɗuwar suga da hawan da zai galabaitar da shi.

Na biyu: bushewar jiki

Daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani kuma yakan rage shan ruwa da gangan don gudun yawan fita fitsari. Idan zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko ciwon huhu ya haɗu da wannan, suga sai ya yi ta hawa, fitsari ya yi ta kwashe ruwan jiki, jini ya yi kauri. Ba rana ɗaya yake kayar da mutum ba. Kwana uku, kwana biyar, tsoho yana kwance ana cewa masassara ce, barci yana ƙaruwa, harshe ya bushe, har ya shiga doguwar suma. Cikin waɗanda suka kai wannan mataki, ɗaya zuwa biyu a cikin goma ba sa tashi ko da an kai su asibiti. Kuma sau da yawa a wannan kwanciyar ce ake fara sanin mutum yana da suga. Duk tsohon da rashin lafiya ya kwantar har ya fara ruɗewa, a auna masa suga a ranar, ko an san yana da shi ko ba a sani ba.

Na uku: ƙafa

Suga yana kashe jijiyoyin ji na tafin ƙafa. Manomi ya taka ƙaya a gona bai ji ba. Faso ya buɗe a dunduniya lokacin hunturu. Tsohuwa ta miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi, ta ƙone ba ta sani ba sai da safe. Raunin da zai warke wa wani cikin mako guda sai ya zama gyambo. A shafa toka, a ɗaura ganye, a kai wa wanzami ya tsaga, wani ya ce sammu aka taka. Ranar da wari ya cika ɗaki, yatsa ya yi baƙi, sannan a nemi mota.

Tsakanin 2016 da 2017 an bi diddigin majiyyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na suga a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Kano da na Zariya. Kashi 35.4 cikin 100 sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, kashi 20.5 kuma sun rasu a gadon asibiti. Mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Maganin farko bai kai kuɗin goro ba: kullum bayan alwalar la'asar, wani daga cikin 'ya'ya ko jikoki ya duba tafin ƙafar tsoho da tsakanin yatsu da idonsa, a goge ruwa sosai, a shafa mai a kan kaushi, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Rauni komai ƙanƙantarsa, idan ya yi kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, na asibiti ne.

Na huɗu: hawan jini da ƙoda

Da wuya suga ya zo wa tsoho shi kaɗai. Abokin tafiyarsa hawan jini ne, kuma su biyun idan suka haɗu ƙarshensu shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko mutuwar ƙoda. A duniya baki ɗaya cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne suka fi kashe masu ciwon suga. Ga dattijo, sauke hawan jini yakan nuna amfaninsa da wuri fiye da sauke suga, don haka wanda yake shan maganin suga ya bar na hawan jini ya yi rabin aiki.

Nan ma kemis yana da nasa hannu. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi yakan aika a haɗo masa magani, a naɗo masa ƙwayoyi kala-kala a leda babu suna. A irin wannan haɗi ana samun diclofenac ko ibuprofen, masu lahanta ƙodar da ta riga ta gaji, ana kuma samun dexamethasone ko prednisolone, masu hawar da suga sosai har su fito da ciwon ga wanda yake gab da kamuwa. Ita kanta metformin, wadda ita ce maganin farko ga mafi yawan masu ciwon, ba a shan ta idan ƙoda ta yi rauni ƙwarai, shi ya sa awon ƙoda ko sau ɗaya a shekara ya zama dole. Haka jiƙe-jiƙen maɗaci da darbejiya da na masu lasifika a kasuwa: babu wanda ya san yawan abin da ke cikin kwalbar, kuma mafi munin illarsu ita ce sa mutum ya ajiye maganin asibiti.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka kamata a sa wa ido. Mai suga ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da tarin fuka sau biyu zuwa uku, don haka tarin da ya wuce mako biyu a gwada shi, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sannan idan suga ya bayyana farat ɗaya ga wanda ya haura 50, tare da rama mai sauri da ciwon ciki ko baya ko ido ya yi rawaya, a gaya wa likita, domin kusan ɗaya cikin ɗari na waɗanda suga ya bayyana musu bayan shekara 50 akan same su da ciwon daji a sashen cikin da ke samar da insulin.

Azumi

Babu abin da ya fi yi wa dattijo ciwo kamar a ce masa ya ajiye azumin da bai taɓa sha ba tun balagarsa. Daga 2021 zuwa 2024 watan Ramadan ya yi ta faɗowa cikin Afrilu ko ya taɓo shi, lokacin da zafi ya fi tsanani. Binciken EPIDIAR da aka yi a 2001 a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, da mutum sama da dubu 12, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'in suga irin na manya sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka sau bakwai da rabi a cikin watan. Ƙa'idar da IDF da ƙawancen likitocin suga da Ramadan suka fitar a 2016, suka sabunta a 2021, ta ce a karya azumi nan take idan awo ya gaza 70 ko ya haura 300.

Shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame, tsohon da ba zai iya ba kuma akwai ciyarwa. Amma tsoho ba zai karɓi wannan daga bakin ɗan da ya haifa ba. Daga limamin unguwa ko malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa zai karɓa. Wanda likita ya amince ya yi azumin, sai a sauya masa lokacin shan magani tun cikin Sha'aban, a jinkirta masa sahur, a rage masa zaƙi a kunun buɗa-baki.

Kada a horar da tsoho da yunwa

Da zarar an ce suga, wasu gidaje sai su hana tsoho komai: ba tuwo, ba fura, ba shinkafa, sai tuwon alkama da acca da sai an sayo da tsada. Tsoho ya rame, ƙarfi ya tafi, ƙwaya kuma tana nan tana aiki a cikin da babu abinci. Gero da dawa da aka niƙa da dusarsu ba abokan gaba ba ne, kuma alkama ba ta fi su da wani abin kirki ba. Abin dubawa shi ne girman malmala da abin da aka zuba a kai. A rage tuwo, a yawaita miyar kuka da kuɓewa, da kwaɗon zogale da rama, da wake da gyaɗa. A sha fura da nono ba sukari. Abin da za a bari shi ne lemon kwalba, da shayi mai cokali huɗu, da rake da mazarƙwaila. Abinci sau uku a kan lokaci ya fi kowane irin tsantseni amfani.

Kuɗi da hanya

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin magani da na mota suka tashi tare. A shekarar ce kamfanin magunguna na GSK ya ce zai rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, Sanofi mai yin Daonil da wasu alluran insulin shi ma ya ce zai koma hannun dillali. Abin da ya biyo baya a ƙauye sananne ne: a sayi maganin kwana goma, a sha, a huta har sai kuɗi sun zo, ko a raba ƙwaya biyu. Wanda ciwonsa ya yi tsanani sai babban asibitin Kazaure, idan ya fi ƙarfinsu a miƙa shi Kano mai nisan kimanin kilomita 80 daga Kazaure, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Mai allurar insulin da ba shi da firji yakan sa kwalbar a leda ya ajiye a jikin randa, inda ya fi sanyi a gidan.

Hanyoyin sauƙi suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda tsofaffi ke cikin waɗanda aka yi shi dominsu, Jigawa kuma tana da hukumar inshorar lafiya ta JICHMA. Abin da ya rage shi ne waɗannan su iso asibitin mazaɓa a matsayin abubuwa uku: na'urar awon suga da 'yan takardunta da ba sa ƙarewa, na'urar awon hawan jini, da maganin da ya dace da mai shekaru. Duk wanda ya haura 45 ya zo asibiti, ko da ciwon kai ya kawo shi, a soki yatsarsa. Awon safe kafin karin kumallo idan ya kai 7.0, ko 126, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon ya tabbata.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma yana bukatar mutum ɗaya takamaimai, ba kowa da kowa ba. A gidan da ke da 'ya'ya goma, kowa yakan zaci ɗan'uwansa ya ba Baba magani. A zaɓi ɗa ko suruka ko jika guda mai riƙe katin asibiti, wanda ya san sunan kowace ƙwaya, ya san inda sukarin gaggawa yake, kuma kafin ya miƙa magani da safe sai ya tambaya: "Baba, kun karya kuwa?" Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma binciken da ya nuna cewa wanda suga ya kama da furfura yana iya kai wa inda sa'o'insa suka kai, a kan tsofaffin da ake kula da su aka yi shi, kuma mafi yawan wannan kulawa ba ta fi ƙarfin gida a Gwiwa ba.